An Zuba Gyaɗa a Ɗakin Baiwa

Iya Gaji ba ta tashi mutuwa ba sai ranar da duk Unguwar Kanya ta watse gona cirar gyaɗa, kamar da gayya. Da ranar Lahadi ta zaɓa, sa'ad da gidan ke cika da jikoki da masu dubiya bayan an taso daga coci, da kunnuwa da yawa sun ji abin da aka ji, da kayan bai faɗa a kan mutum ɗaya ba. To amma tsohuwar nan tun tana da ƙafarta ba ta taɓa yin abu a lokacin da zai yi wa mutane daɗi ba.

Unguwar Kanya 'yar unguwa ce ta Hausawa Kiristoci a bayan Toranke. Gidajen ba yawa, amma bakin da ke cikinta ya ishi gari guda. A gidan babban ɗanta Yusuf tsohuwar take kwance, wanda kowa ke kira Dattijo saboda muƙaminsa a coci. Mai jinya kuwa 'yarta ce Baiwa, wadda ta dawo gida tun rasuwar mijinta, ba ɗa ba jika, aka ba ta ɗakin da ke jikin rumbu. Ita ce wanki, ita ce wanka, ita ce juya tsohuwa in gefe ɗaya ya gaji.

Da la'asar Baiwa ta shigo da kunun tsamiya. Iya ta kawar da kai.

"Ajiye wannan. Kawo mini ruwa a buta."

Ta kawo. Sai ta ga tsohuwa ta lallaɓa ta wanke hannu, ta kurkure baki, ta wanke fuska, irin yadda Ja'afar ke yi in ya zo. Ja'afar shi ne autansu, wanda ya musulunta shekarun baya ya koma Gaya yana tuƙa adaidaita. Duk Juma'a sai ya zo da tsire a takarda, ya zauna bakin gadon uwar suna ƙus-ƙus. Kafin Baiwa ta gama haɗa wannan da wancan, Iya ta ɗaga yatsa ta yi kalmar shahada, tiryan-tiryan, ba inda harshenta ya sarƙe.

Butar ta kuɓuce wa Baiwa.

"Iya! Kin san abin da kike faɗa kuwa? Kin ma gane ni?"

"Yo ba Baiwa ba ce, wadda har ta yi furfura tuwonta bai rabu da gudaji ba? Hankalina ras yake, 'yar nan. Ki gaya wa Auta shi zai rufe ni."

Baiwa ta durƙusa tana kuka. Ta roƙe ta, ta ambaci sunan Yesu, ta tuna mata bencinsu na coci da waƙoƙin da ita kanta Iya ta koya mata a bakin turmi. Tsohuwa ta bari ta gama, sannan ta damƙe mata hannu.

"Na ji. Ke dai ki faɗa. Ke kaɗai ce ba kya ƙarya a gidan nan, shi ya sa na jira suka fita."

Ashe dai da gayyar ne. Kafin inuwar rumbu ta kai bakin ƙofa, Iya Gaji ta cika.

Baiwa ta rufe ta da zane, ta nufi gona ko takalmi babu. Ta ja yayanta bayan tarin harawa ta gaya masa duka biyun, rasuwar da abin da ya zo kafinta. Na farkon ya sa ya cire hula. Na biyun ya sa ya waiga hagu da dama.

"Wa ya ji?"

"Ni kaɗai, Yaya."

"To ba a yi ba."

"An yi, Yaya."

"Zafin ciwo ne. Sambatu ne irin na masu tafiya."

"Ta gane ni sarai. Har tuwona ta zaga."

"Ko a sume take ai za ta zagi tuwonki!" Ya buga ƙafa a ƙasa. "Kin ga nan da muke tsaye? Gonar Iya ce, ta ubanta. In maganar nan ta fita, ta zama ta Ja'afar shi kaɗai, don a gaban alƙali Kirista ba ya gadon Musulmi. Ni ban samu ba, ke ba ki samu ba. Ki dubi 'ya'yana. Ki dubi sunan gidan nan, a ce uwar Dattijo guda ta bar coci a gadon mutuwa? Ba ƙarya na ce ki yi ba, Baiwa. Bakinki na ce ki rufe."

Gaskiyar magana, da niyyar rufewar ta taho gida. Ita ma ba son maganar take ba. Da ana wanke kunne da sabulu abin da ya shiga ya fita, da ta ƙarar da sabulun gidan.

Aka buga wa Ja'afar waya, ya iso kafin magariba, tsakar gida cike da masu gaisuwa. Ya shiga ya ga uwarsa, ya fito ido jawur, ya tsuguna a gaban yayarsa.

"Yaya Baiwa, a hannunki ta cika. Ba ta bar mini wata magana ba?"

"Babu," in ji Yusuf daga kan kujerarsa.

"Ba kai na tambaya ba, Yaya."

Shiru Baiwa ta shirya yi, to ga shi an kawo ta inda shiru ba shi da wurin tsayawa. Ko ta ce babu, ko ta ce akwai. Tun tana yarinya a ajin baftisma aka koya mata mai bin Yesu ba ya shaidar ƙarya ko a kan maƙiyinsa, balle a kan uwarsa da ke kwance a ɗaki ba bakin kare kanta.

"Ta bar," ta ce.

Ta faɗi komai, har butar.

Rifkatu, matar Dattijo, ta ɗora hannu a ka ta zunduma ihun da ko rasuwar ba ta samu ba.

Washegari da safe dagaci ya zo da kansa, don kada abin ya zama rigimar gari. Ya tambayi Baiwa a gaban kowa, ta maimaita ba ragi ba ƙari. Ya ce to, a ba Ja'afar gawar. Matar Ja'afar, Afra'u, ta shigo da wasu mata da likkafani.

"Sai ki ɗan ba mu wuri, Yaya," ta ce cikin ladabi. "Mu za mu yi mata wanka."

Jikin da Baiwa ta yi shekaru tana wankewa, ta san kowane tabo da ke cikinsa. Ta miƙa musu ƙwaryar wankan Iya, ta ce su bi kafaɗar hagu a hankali, tana yi mata ciwo. Sai da ta faɗa ta tuna ciwon ya ƙare. Tana tsaye jikin rumbu aka fita da uwarta zuwa Gaya.

Daga ranar gidan Dattijo ya zama gidan ido.

Rifkatu ce ta ɗauki aikin bincike, kuma ba a taɓa ganin ta yi wani aiki da himma irin wannan ba. Da farko ta tuna atamfar da Ja'afar ya ba Baiwa Kirsimetin bara.

"Ashe kafin alƙalami ne," ta ce wa matan rijiya. "Mu muna nan muna cewa zumunci."

Sannan ta tuna tsiren Juma'a. Wa ke cin ragowar? Baiwa. To, ai ka ji.

Wata rana Baiwa ta dawo daga itace ƙafa duk ƙaya da ƙasa, ta zauna bayan ɗaki tana wankewa da buta. Kafin ƙafar ta bushe labari ya kai ƙarshen unguwa cewa an kama ta tana alwala. Wata rana kuma allurarta ta faɗi, ta duƙa tana lalube a bakin ƙofa.

"Sujada ce," in ji Rifkatu, "da idona na gani! Kuma gabas ta kalla!"

Ƙofar ɗakin Baiwa gabas take kallo tun ranar da aka gina shi, amma ba wanda ya je ya tambayi magini. In baƙin ciki ya hana ta cin abinci, azumi take. In ta ci, ai dole ta ci, tunda ciniki ya faɗa.

Abincin ma bai daɗe yana ba su wahalar fassara ba. Malmalarta ta fara ƙanƙancewa. Daga nan aka daina kiranta, sai a ajiye kwanon a gindin rumbu, ita da kaji wanda ya riga. Daga nan aka fara mantawa.

"Rifkatu, yau ban ga kwanona ba."

"Au, ba a zuba ba? Ki yi haƙuri, hatsin ne sai da lissafi yanzu. Gonar da ake ci ai kin kyautar."

Yaran gidan da suka saba kwana rabi a ɗakinta aka hana su shiga, wai kada a koya musu wani abu. In ta ratsa tsakar gida hira ta mutu, in ta wuce ta farfaɗo.

A coci ta sa ran samun iska. Ita ce mai buga tulu a zumuntar mata, kuma in Baiwa ta ɗora tafi a bakin tulun nan, har tsofaffin da gwiwa ta hana tashi sai kafaɗarsu ta motsa. Lahadin farko da ta koma, ta tarar da tulun a cinyar wata.

"Ki huta tukuna, 'yar'uwa," in ji shugabar zumunta, tana kallon wani wuri. "Kina cikin makoki."

Makoki ya ƙare, hutu bai ƙare ba. Bencin da take zama kuwa ya yi ta faɗi, kullum na kusa da ita tana tuna wani abu a ɗaya gefen.

Fasto yaro ne, baƙo, kuma rabin tuwonsa daga rumbun Dattijo yake fitowa. Ya tare ta a hanyar rijiya, bayan ya tabbata ba kowa.

"Mama Baiwa, ni na san gaskiya kika faɗa. Ubangiji yana gani."

"To ka faɗa musu ranar Lahadi mana, Fasto."

Ya sosa ƙeya. "A bari zukata su ɗan huce."

Ranar Lahadin ya yi wa'azi a kan haƙuri. Ya yi tsawo, ya yi daɗi, bai taɓa kowa ba.

Da aka gama shanya gyaɗa, Yusuf ya kira ta zaure. Har tabarma ya shimfiɗa mata, abin da ya sa gabanta ya faɗi.

"Na koma wurin dagaci," ya ce. "Ya yarda a sake zama a kan gonar. Magana ɗaya tak za ki ƙara. Ba cewa za ki yi Iya ba ta faɗa ba, a'a, ta faɗa. Cewa za ki yi ba ta cikin hayyacinta. Tsohuwa, ga zazzaɓi..."

"Ba ta da zazzaɓi ranar, Yaya."

"Ke likita ce?"

"Ni na taɓa jikinta."

"Baiwa, ki ji ni da kyau. Ba don kaina nake yi ba. Gonar nan zakkar coci a cikinta take fita, marayun unguwar nan suna ci a cikinta. Aikin Ubangiji za ki taimaka."

"Da ƙarya, Yaya?"

Ya naɗe ƙafa, murya ta yi sanyi, irin sanyin da ya fi faɗa ciwo.

"In kin faɗa, ɗakinki naki ne har ki mutu. In kin ƙi, to, bana gyaɗa ta yi kyau, rumbu ya cika. Ina neman wurin zubawa."

Baiwa ta ga hanya ɗaya ce ta rage. In Ja'afar ya bar wa yayansa gonar ya ci gaba da nomawa, ba sauran zama, ba sauran tambaya. Ta ɗaura zanenta na coci ta hau mashin zuwa Gaya.

Afra'u ta karɓe ta da fara'a, ta kawo mata ruwa a wani kofi da aka zaƙulo daga bayan kwanuka, wanda daga gani ba shi da abokin sha. Kafin ta shanye, maƙwabta sun fara leƙowa ɗaya bayan ɗaya, kowacce da abin da ta zo ara.

"Ita ce? Allah sarki. Sannu, baiwar Allah. Saura ke!"

Da Ja'afar ya dawo suka gaisa, ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Auta, ka bar wa Yaya gonar ya riƙa nomawa. Taka ce, ba wanda ya musa. Amma kai ba noma kake ba, shi ke da bakuna a gida."

Ya dube ta, ya ƙanƙance ido. "Shi ya aiko ki?"

"Ba wanda ya aiko ni."

Daga cikin ɗaki muryar Afra'u ta fito, ƙasa-ƙasa amma yadda za a ji. "Na gaya maka ba a banza aka yi shaidar nan ba. Ga shi an zo karɓar lada."

Ja'afar ya yi kamar bai ji ba. "Yaya, ba ni na raba ba, shari'a ce. Kuma na riga na yi magana da wani Alhaji mai sayar da taki, zai sayi gonar, ba na son in zama ƙaramin mutum. Adaidaitar nan ta gaji, kullum ina wurin bakanike. Shi Yayan da kike roƙa wa, sau nawa ya hana ni zama a kan tabarmarsa?" Ya matso kusa. "Amma ga ɗaki nan babu kowa. Ki bi Iya kawai ki huta. Me mutanen can suka yi miki ban da wulaƙanci?"

Baiwa ta ajiye kofin.

"Auta, wanda ya hana ni yi maka ƙarya ranar nan, shi kake cewa in bari?"

Maganar ɗaki ba ta sake tasowa ba.

Ta ce to ya nuna mata inda Iya take. Ya ce mata ba sa shiga maƙabarta, amma zai bi da ita ta jikin katanga. Ya tsaya, ya nuna da leɓe. "Can, wajen darbejiyar nan." Baiwa ta yi ɗage ta leƙa. Tudun ƙasa ne jere, kowanne irin ɗan'uwansa. Ta zaɓi ɗaya ta yi masa kallon uwa, ta koma ta shiga adaidaita.

Ranar zama, Yusuf ya sa babbar rigarsa ta Kirsimeti. Mutanen Unguwar Kanya suka zauna gefe ɗaya a ƙofar gidan dagaci, Ja'afar da abokansa ɗaya gefen, kowane ɓangare yana kallon Baiwa kamar ita ta sace masa akuya.

"Baiwa," in ji dagaci, "yayanki ya ce kina da ƙarin bayani."

Ta dubi Yusuf. Shi ne ya goya ta ranar da kunama ta harbe ta tana ƙarama, shi ne ya je ya ɗauko ta da kayanta da mijinta ya rasu. Yana kallonta, leɓensa na motsi kamar mai tuna wa ɗalibi karatu.

"Ranka ya daɗe, da hankalinta ta faɗa. Na so a ce ba haka ba ne. Har yau ina so. Amma haka ne."

Ba ta yi sauri a hanyar komawa ba, duk da haka ba ta ba su isasshen lokaci ba: ta tarar ana cikin aikin. Tabarmarta, akwatinta da tukunyarta suna gindin rumbu, ana ta shiga da buhunan gyaɗa ɗakin. Rifkatu ce ke nuna inda za a jera.

"Ni ban kore ta ba," Dattijo yake gaya wa maƙwabtan da suka taru. "Kowa shaida ne, ban ce ta tafi ba. Wuri ne ya yi ƙaranci."

"Ai tana da ɗan'uwa mai gona," in ji Rifkatu.

Baiwa ta ɗora akwati a ka ta bi gidajen unguwa. Abin mamaki, ranar ce aka gane duk ɗakunan Unguwar Kanya suna da lalura. Wannan yana yoyo, ko da yake damina ta wuce. Wancan za a yi wa yaro aure a ciki, yaron da ko gemu bai fara ba. Shugabar zumunta ta ce sai maigida ya dawo, alhali ga takalmansa a bakin ƙofa. Kowacce dai ta raka ta da "Ubangiji ya buɗa hanya", sannan ta rufe tata.

A hanyar Ajingi ta gamu da Zuhra, wata tsohuwar Bafulatana mai tallar nono, wadda ta saba kawo wa Iya kindirmo. Zuhra ta dubi akwatin, ta dubi fuskar, ba ta tambayi komai ba, don labarin ya riga ya kai ruga.

"Akwai bukka a wurina, 'yata ta yi aure ta bari. Kin iya surfe?"

"Na iya, Inna."

"To ni ban damu da inda kike kallo in kina addu'a ba. Amma tuwo kam ni zan tuƙa, na ji labarin naki."

Ranar ce Baiwa ta fara dariya tun rasuwar, dariyar da ta ƙare da kuka.

Zaman ruga bai rufe bakin kowa ba. A Unguwar Kanya aka ce ai ga shi nan, ta tare wurin Musulmi, magana ta fito. A kasuwa kuma aka ja Zuhra gefe aka ce ta yi hankali, irinsu da wa'azi suke shiga gida. Baiwa dai tana surfe, tana dakan fura, ranar Lahadi ta wanke zanenta ta taka har coci ta zauna a bencin ƙarshe.

Da damina ta faɗi, Alhajin da ya sayi gonar ya turo tarakta. Ita kuwa tarakta ba ta san gamba ba, ba ta san iyaka ba. Ta bi ta kan ciyawar da ta raba gonar Iya da ta Yusuf ta kansa, ta shige cikin tasa ta yi ta tafiya.

Wata safiya Baiwa na bakin turmi ta ji gyaran murya. Dattijo ne, a ruga, da ƙafarsa. Ya gai da Zuhra, ya tambayi shanu, ya tambayi ruwa, ya tambayi sauro. Da tambayoyi suka ƙare ya juyo.

"Kin ga abin da kika jawo mana ko? An cinye mini gona."

"Sannu, Yaya. Na ji."

"Dagaci ya ce a kawo shaidar iyaka. Na kai dattawan coci, Alhaji ya ce mutanena ne. Ya kawo nasa, na ce sayensu ya yi." Ya dubi ƙasa. "Sai dagaci ya ce mutum ɗaya ce zai yarda da bakinta."

Zuhra ta ajiye ƙwarya ta ja Baiwa bayan bukka.

"Ke, yau ranarki ce. Ki ce ba inda za ki sai ya kwashe gyaɗar nan ya share miki ɗaki."

"Shaida ba ta sayarwa ba ce, Inna. Da ana sayarwa ai da tuni ina ɗakina."

Ta ɗauki mayafi ta bi yayanta.

A gona dagaci bai tsaya dogon bayani ba. Ya ce Baiwa ta taka iyakar, inda ƙafarta ta bi nan ne. Alhaji ya fara ƙorafi cewa ai ƙanwarsa ce.

"Alhaji," in ji dagaci, "da bakin matar nan ka samu gonar da kake tsaye a kai. Ranar ba ka ce ƙanwar wani ce ba."

Baiwa ta tuɓe takalmi ta shiga huɗar tarakta, mutane na biye. Ta bi inda ta yi ta bi tun tana kai wa ubansu fura, kuma duk takun da ta yi ƙasar Yusuf na dawo masa. Fuskarsa ta washe, har ya fara cewa "Kun gani ko?" Sai da aka kai wajen tsohuwar aduwa, maimakon ta miƙe, ta karkata. Akwai wata kusurwa da shi kansa Dattijo ya daɗe yana ci a gonar Iya, kaɗan-kaɗan, kowace damina. Ƙafar Baiwa ta bar ta a gefen Alhaji.

Dattijo ya yi tari. Ba ta waiga ba.

Aka kafa duwatsu, aka watse. Su biyu suka taho har mararraba, inda hanya ɗaya ta yi Unguwar Kanya, ɗaya ta yi ruga. Baiwa ta tsaya.

"Yaya, an sayar da gyaɗar?"

"An sayar." Ya gyara hula. "Sai dai Rifkatu ta zuba kaji a ɗakin. Kuma kin ga, ko yau sai da kika rage mini kusurwa a gaban mutane. Ki bari a manta tukuna. Ni ba ni da matsala da ke, mutane ne."

"To, Yaya. A gai da yara."

Shi ke nan abin da aka yi wa Baiwa, kuma har yau ba wanda ya yi shi. Dattijo bai kore ta ba, wuri ne. Rifkatu ba ta hana ta tuwo ba, hatsi ne. Ja'afar bai juya mata baya ba, shari'a ce. Fasto yana jiran zukata su huce. Kowa hannunsa fes.

Amma je ka Toranke ko Unguwar Kanya yau ka ga an yi musu a kan akuyar da ta shiga gona, ko a kan wanda ya fara zagi a bakin rijiya. Mai zuwa coci da mai zuwa masallaci, abu ɗaya za ka ji sun tambaya: Baiwa tana wurin? In tana wurin, magana ta ƙare. Kowa yana son gaskiyarta ranar da ta faɗo a gefensa. A ɗauko ta a mashin, ta faɗa, a mayar da ita ruga kafin a sauke tukunya.

Ranar Lahadi tana nan a bencin ƙarshe, ita kaɗai, da wurin mutum uku a kowane gefe. Mai tulun yanzu ba ta iya riƙe kiɗa ba, sai waƙa ta yi gabas tulu ya yi yamma. Baiwa dai yatsunta ne kawai ke bugawa a gwiwarta. In ka lura da kyau za ka ga matan zumunta suna satar kallon baya don su kama kiɗan, sannan su yi maza su juya kada a ga sun kalle ta.

Kajin Rifkatu kuwa, an ce ɗakin ya karɓe su. Ƙwai suke yi ba kama hannun yaro.